Mallakar Waƙar Baka a Zamanin Bidiyo: Sharhi Bisa Dokar 2022 da Ƙa'idodin YouTube, da Misali Daga Ƙasar Tambuwal da Kebbe

Maƙasudin wannan takarda shi ne a duba waɗansu rubuce-rubuce biyu waɗanda ba a saba kawo su gaban masu nazarin Hausa ba, a auna su yadda a ke auna kowane littafi, watau a ga abin da suka faɗa, da abin da suka tsallake, da wanda maganarsu ta faɗa wa a ka. Na farko shi ne Dokar Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu cikin watan Maris na 2023, ta maye gurbin ta 1988. Na biyu kuwa shi ne ƙa'idodin da kamfanin YouTube ya shimfiɗa wa masu son samun kuɗi da bidiyon da su ke sawa a dandalinsa. Wanda za a gwada masa wannan riga a gani ko ta yi masa daidai shi ne makaɗin baka na kudancin Jihar Sakkwato, ƙasar Tambuwal da Kebbe, ko na fada ne, ko na noma, ko na 'yan dambe.

Duk wanda ya halarci naɗin sarauta, ko gayya da damina, ko dambe da kokawa bayan an kau da amfanin gona, a Tambuwal ko Dogon Daji ko Sanyinna ko Kuchi, ya san abin da ya daɗu bisa abin da aka gada. Makaɗi na tsakiyar fili da 'yan amshinsa, masu kyauta na shiga suna fita, sa'an nan ga wayoyi a ɗage ta kowace kusurwa. Kafin makaɗin ya kwance kayan kiɗansa, waƙar ta riga shi isa kasuwa, wurin masu tura waƙoƙi cikin waya, daga nan kuma wani ya sa ta a tasharsa ta YouTube. In tashar ta kai mabiya 1,000, an kuma kalli abin da ke cikinta na tsawon sa'a 4,000 cikin wata 12, mai ita yana iya neman a riƙa sa talla a bidiyonsa. Daga kuɗin tallar kamfani ya kan ba shi kashi 55 cikin 100, a biya shi sa'ad da abin ya kai dala 100. Makaɗi dai kyautar da aka yi masa a fili ita ce rabonsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ba a ce waɗannan ƙa'idodi ba su amfani Bahaushe ba. Sa'ad da kasuwar faifai ta mutu a Kano, masu shirya fim can suka koma, har aka ga irin su Izzar So a tashar Bakori TV tun 2020, da Labarina na kamfanin Saira Movies. Amma waɗannan suna da kamfani, da takarda, da sunan mutum guda wanda za a ce shi ya ɗauki nauyin aiki. Da awonsu aka ɗinka rigar. Makaɗin baka ba haka sha'aninsa ya ke ba, kuma harshen kansa ya nuna haka.

A Hausa harafi guda ne ke ɗaura suna da suna, -n ga namiji, -r ga mace, wadda a bakin Sakkwatawa ta kan narke cikin baƙin da ke biye da ita, a ji waƙas Sarki, rigam Musa. Wannan ɗauri bai bambanta wanda ya yi abu da wanda aka yi dominsa ba. In aka ce waƙar Narambaɗa, an nufi wanda ya ƙaga ta. In aka ce waƙar Sarkin Gobir na Isa, an nufi wanda aka yi wa ita. Waƙa ɗaya ce kuwa, duka maganganun biyu kuma daidai ne. Haka nan a ke cewa waƙar Shago, alhali Ɗan Anace ya yi ta, Shago dambe kurum ya yi. Kada a ɗauki wannan a kan rauni ne na harshe. Harshen ya faɗi gaskiyar yadda abin ya ke, gama waƙar fada ba ta da ubangiji ɗaya. Makaɗi na da ƙagawa, ba mai ɗaukar gindin waƙarsa ya kai wani wuri ba a ce ya yi sata ba. Ubangida na da suna, ba a juya waƙarsa a yi wa abokin hamayyarsa ita sai in an yi niyyar ɓata zumunci. 'Yan amshi kuma ba maimaitawa kaɗai su ke yi ba. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, cikin Jagoran Nazarin Waƙar Baka na 1993, ya bayyana yadda su kan karɓi jagora su yi masa ƙari, kuma wanda ya saurari Musa Ɗanƙwairo Maradun da kunnen nazari ya san sau da yawa jagora kan aza harsashin ɗan waƙa ne kurum, mutanensa su ƙarasa ginin. To, takardar da YouTube ke miƙo wa mai sa bidiyo tambaya ɗaya ta ke yi: naka ne, ko kana da izinin mai shi? Hausa na da amsa uku, takarda na da gurbi ɗaya.

Akwai wata kalma kuma da ta cancanci a tsaya a kanta. Aikin da rikoda ko waya ke yi, Bahaushe ya kira shi ɗauka: an ɗauki waƙa, an ɗauki hoto. Kalmar nan ita ce dai wadda a ke faɗa in mutum ya sunkuya ya ɗauki abin da ya tarar a ƙasa ya tafi da shi. Doka ta ba wannan ɗauka daraja babba. A wurinta waƙa ba ta shiga kariya sai an tabbatar da ita cikin wani abu da za a iya komawa gare shi, takarda ko faifai ko kaset ko waya. Waƙar da makaɗin noma ya shekara 20 yana rerawa a gonakin Kebbe, muddin ba a ɗauke ta ba, a idon doka ba ta gama zama ba tukuna. Ranar da wani yaro ya ɗaga wayarsa, ranar ta ke shiga lissafi, kuma a ranar haƙƙoƙi suka rabu. Kalmomi da karin waƙar na makaɗi ne, har shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da ya rasu. Hoton bidiyon kuwa doka ta ba wanda ya shirya ɗaukarsa, tsawon shekara 50.

A nan wajibi ne a yaba wa dokar, domin ta fi yadda a ke zato adalci. Ta keɓe wa mai rerawa haƙƙinsa daban, ta ce ba a ɗaukar wasansa, ko a kwafe shi, ko a sa shi a intanet, sai da yardarsa. Watau mai waya ya mallaki hoton, amma bai mallaki abin da ke cikin hoton ba, kamar wanda ya mallaki ƙwarya aka zuba masa nonon wani. Lissafin shekaru ma yana da amfani ga malamai su sani, gama kuskure ya yi yawa a nan. Mutane na zaton tsufan faifai shi ke 'yanta waƙa. Bisa lissafin dokar yanzu, faifan da aka fitar a 1970 wa'adinsa ya cika a ƙarshen 2020, amma waƙar da ke cikinsa tana nan da masu ita. Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, saboda haka waƙoƙinsa na ƙarƙashin kariya har ƙarshen 2061. Mamman Shata ya rasu a 1999, nasa sai ƙarshen 2069. Duk tashar da ke cin kuɗin talla da muryar waɗannan mutane, ko da daga tsohon kaset na Rediyon Kaduna aka kwaso ta, akwai magada da ya kamata a ce sun san da zancen.

Inda dokar ta yi tuntuɓe, kuma inda masu nazarin Hausa ke da hannu, shi ne babin da ta yi wa abin gargajiya. Ta ce tatsuniya, da kacici-kacici, da waƙoƙi da kaɗe-kaɗe da raye-rayen gargajiya, ba a yin ciniki da su ko a fitar da su daga muhallinsu na al'ada sai da izini, ta kuma ɗora ikon ba da izinin nan a hannun Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya. Niyyar kyakkyawa ce, don kada baƙo ya kwashi abin jama'a a banza. Amma sai a lura da abin da kalma ɗaya ke iya yi. In aka kira waƙa ta wane, izininta na gidan wane. In aka kira ta ta gargajiya, izininta ya tashi daga Kebbe ya koma Abuja, ko kuwa, yadda abin ya fi aukuwa, kowa ya ɗauka ba ta da mai ita. Shekara da shekaru kuwa ana koya wa ɗalibai a kwalejojin horon malamai cewa adabi iri biyu ne, na zamani mai marubuci, da na gargajiya wanda a ke cewa na jama'a ne, ba a san mafarinsa ba. Wannan magana ta dace da waƙar daɓe, da ta niƙa, da ta gaɗa wadda 'yan mata suka tarar a dandali. Ba ta dace da makaɗin da ya kwana yana tufka gindin waƙa da mutanensa ba, wanda ke ambaton sunansa da na ubansa da na garinsu a tsakiyar waƙa yana yi wa kansa kirari. Wannan kirari sa hannu ne. Da aka tara su duka cikin kwando ɗaya aka rubuta gargajiya a bayansa, an sauƙaƙa wa mai koyarwa jadawali, amma an sauƙaƙa wa mai tasha wani abu dabam. A duba kanun da a ke sa wa irin waɗannan bidiyo, za a ga tsohuwar waƙar gargajiya ko kiɗan noma na da, ba sunan kowa.

Abin ya fi ban takaici in aka tuna ƙasar da a ke magana a kanta. Tambuwal gari ne da tarihinsa ke komawa ga Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu, malami kuma mawaƙin Larabci, kuma gidan da ya fito ba su yi sakaci da zancen wa ya yi me ba. Al'adar marubuta waƙa ce su faɗi sunansu a baitocin ƙarshe, su ɓoye shekara cikin ramzi. Tabbat Haƙiƙa Shehu ya yi ta da Fulatanci, Nana Asma'u ta mai da ita Hausa, Isa ɗan Shehu ya yi mata tahamisi, kuma har yau a kan ambaci sunayen nan uku, kowa da aikinsa, ba wanda ya shafe wani. Mutanen da suka iya riƙe hannu uku a waƙa ɗaya kusan shekara 200 ba su ne za a koya wa cewa aiki na da mai shi ba. Abin da ba su saba da shi ba shi ne a ce wanda ya kwafa shi ke cin amfanin, don kurum shi ya riga kai takarda.

Sai zancen lasin, wanda shi ne cibiyar ƙa'idodin biyu. Kalmar baƙuwa ce, amma ma'anarta ba baƙuwa ba ce ga wanda ya san sha'anin gona. Manomin Kebbe ya san bambancin saye, da haya, da aro, da jingina, da kyauta, da gado, kuma ba ya rikita ɗaya da ɗaya. Sallama haƙƙi ɗungum shi ne sayarwa. Ba mutum guda izini a hana kowa shi ne haya ta keɓe. Ba da izini ga wannan da wancan shi ne aro. Doka ta ce biyun farko ba su tabbata sai a rubuce, amma na ukun yana iya zama da baki, har ma ana iya fahimtarsa daga halin da mutum ya nuna. Wannan jimla ta ƙarshe ita ce ƙofar da a ke bi a shiga gonar makaɗi. Za a ce ai ya ga wayoyi bai hana ba, har ya juyo ya yi wa mai wayar kirari. Gaskiya ne bai hana ba, kuma ba zai hana ba, domin sana'arsa ita ce sunan ubangidansa ya yi tafiya. Waƙar da ta kwana inda aka yi ta ba ta biya bukata ba. Amma wanda aka ara wa gona don ya ci, ba a ba shi ikon ya sa ta haya ya riƙa karɓar kuɗi ba, ko wane dattijo a ƙauye zai yanke wannan hukunci ba da jinkiri ba. Yarda da yaɗawa daban, yarda da ciniki daban. Dokar ba ta fayyace wannan ba, ƙa'idodin YouTube kuwa ba su ma san da tambayar ba.

Kamfanin yana da wata na'ura mai suna Content ID, wadda ya fara aiki da ita a 2007. Wanda aka yarda da shi ya kan ba ta samfurin sauti ko hoto ya ce nasa ne, ita kuwa ta riƙa sauraron duk abin da aka sa a dandalin. In ta ji makamancinsa sai ta aza masa alama, mai samfurin ya zaɓa ko a toshe bidiyon, ko a bar shi kuɗin tallarsa su riƙa zuwa gare shi. Ba kowa a ke ba wannan dama ba, sai manyan masu haƙƙi da kamfanonin da ke rarraba waƙoƙi. Na'urar ba ta san tarihi ba, wanda ya riga kai mata samfur shi ta sani. Saboda haka ba abin da zai hana wanda ya tsinci tsohon kaset ya bi ta hannun irin waɗannan kamfanoni ya riga 'ya'yan makaɗin, ranar da suka sa muryar ubansu a tasharsu su tarar an ce ta wani ce. In suka yi jayayya, wanda ya aza alamar shi a ke fara mai da wa maganar, a ba shi kwana 30 ya duba. Mai ƙara shi ne alƙalin farko. In abin ya kai ga takardar neman a sauke bidiyo, to an shiga tsarin dokar Amurka ta 1998, kuma tashar da ta tara gargaɗi uku cikin kwana 90 ana iya rufe ta. Kamfanin da kansa ya ce ba ya raba gardamar mallaka, sai dai a tafi kotu. Dokar 2022 ita ma ta buɗe hanyar rubuta wa masu dandali a sa su sauke abin da aka sata, amma duk hanyoyin nan da Turanci su ke, a rubuce, ta intanet, ga mutumin da dukiyarsa duka a bakinsa ta ke.

Masu nazari kansu ba su fita daga wannan ba. A ɗakunan ajiya na jami'o'i da kwalejoji akwai kaset da faifai masu yawa da ɗalibai suka ɗauko don rubuta kundin kammala karatu. An ba su ne aro, don ilmi, doka kuma ta yi sassauci ga abin da aka yi don koyarwa da bincike. Ranar da ɗalibi ya sa abin da ya ɗauko a tasha mai talla, ya fita daga wannan sassauci. Malamin da ke tura ɗalibai ƙauye yana iya rufe wannan ƙofa da abu kaɗan. A farkon kowace ɗauka a faɗi sunan jagora, da na kowane ɗan amshi da makaɗi, da wuri, da rana, da wanda aka yi wa waƙar, sa'an nan jagora ya faɗi da bakinsa abin da ya yarda a yi da ita da abin da bai yarda ba. In za a kai ga sayarwa ko haya ta keɓe, a rubuta. Doka ta ce a rubuce, ba ta ce da boko ba, kuma a ƙasar da kusan kowace unguwa ke da makarantar allo, ba a rasa wanda zai rubuta yarjejeniya da ajami ya karanta wa makaɗi ita a gaban shaidu.

Saura magana ɗaya wadda dokar ta wuce ta da jimla guda, alhali a ƙasar Hausa ita ta fi wuyar warwara. Ta ce haƙƙin mallaka dukiya ce da ke wucewa ta hanyar sayarwa, ko wasiyya, ko gado. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ma, a zamanta na Kuwait cikin Disamba 1988, ta tabbatar cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira abu ne da Shari'a ke karewa, mai shi yana da ikon sarrafa shi. Saɓanin malamai game da kiɗa kansa wata magana ce daban, ba nan ne muhallinta ba. To amma gadon kiɗa a al'ada ba ya bin hanyar gadon dukiya. In jagora ya rasu, kotso ko taushi ko kalangu, da waƙoƙin, da iyayengiji, su kan koma hannun mutum guda, ɗa ko ƙane, wanda ya daɗe yana tsaye a bayansa. Haka Ɗanƙwairo ya taso a bayan ubansa da wansa Abdu Kurna, haka kuma 'ya'yansa suka taso a bayansa. Rabon Shari'a kuwa na dukan magada ne, da matan aure da 'ya'ya mata waɗanda ba su taɓa riƙe gula ba. In irin wannan gado ya zo gaban alƙali a Tambuwal, bayan an ƙidaya shanu da gonaki, sai a tarar magajin kiɗa yana rera waƙoƙin da wani kaso nasu na 'yan'uwansa mata ne, kuma in za a ba wata tasha haya ta keɓe, sa hannunsa shi kaɗai bai isa ba. Ɗan amshin da ya shekara 30 yana yi wa jagora ƙari kuwa, in ba ɗan gida ba ne, ba ya cikin magada. Abin da ya rage masa shi ne ya tabbatar cewa tare aka ƙaga waƙar, dokar kuma ta san da aikin haɗin gwiwa, amma shaidarsa ita ce muryarsa a cikin bidiyon da ke hannun mai tasha.